Keken da Ya Kai San Surukina Kasuwa

Likita ne ya fara jawo mini. A wani asibiti a Birnin Kudu, bayan ya ɗaura mini abin awon jini a dantse, ya kwance, ya sake ɗaurawa, sai ya dubi tumbina maimakon fuskata ya ce, "Malam, aikin me kake yi?" Na ce ina sakatariyar ƙaramar hukuma a Gwaram. Ya ce daga kujerar ofis sai ina? Na ce sai mota. Daga mota fa? Na ce sai tabarma. Ya ce to in zaɓa, ko in fara motsa jiki, ko in shirya shan ƙwaya har ƙarshen rayuwata. Na fito ina jin haushinsa, don yaro ne ƙarami, na girme shi nesa ba kusa ba, amma maganar ta zauna mini a rai.

A ranar na biya wajen wani abokina da muka yi sakandare tare, wanda yanzu yake aikin banki a garin. Na kai masa ƙarar likita, shi kuwa ya goyi bayan likita. Ashe suna da wata ƙungiya ta masu hawan keke, ma'aikatan banki da malaman makaranta da wasu ma'aikatan asibiti, duk masu tumbi irina. Kafin in bar garin ya sa na sayi keke na hannu mai giya da kaurin taya, da hular kwano, da wani wando mai ɗame jiki wanda na rantse ba zan taɓa sawa ba. Sannan ya karɓi wayata ya saka mini manhajar da suke amfani da ita.

Aikinta ba wuya. In za ka tashi sai ka danna, ka maƙala wayar a kan keken. Tauraron ɗan'adam yana biye da kai daga sama, duk inda ka bi sai ta ja jan layi a kan taswira. In ka dawo ta gaya maka nisan da ka yi da saurin da ka yi, ta aika wa sauran 'yan ƙungiya su gani. Ƙarshen mako kuma ta jera sunaye, wanda ya fi kowa a sama, raggo a ƙasa. Makon farko ni ne a ƙasa. Mako na biyu ma ni ne. Abokina ya rubuto a zauren hirarmu cewa mutumin Gwaram da alama tura keken yake yi, aka yi ta dariya. Ni kuwa tun ina firamare ba na jure zama na ƙarshe, ko a layin alwala ne. Na ɗauko wandon nan na sa.

Abin da na fara ganowa shi ne wanda ya ƙirƙiri manhajar nan bai san gaisuwa ba. A Gwaram ba ka isa ka wuce majalisa ka ɗaga hannu kawai ba. Sai ka sauke ƙafa, a tambaye ka gida, da iyali, da aiki, da gajiya, da zafi, kai ma ka mayar, sannan wani ya tuna yana da ɗan da yake neman aiki a sakatariya. Duk wannan lokacin agogon wayar yana tafiya, saurina yana zubewa. Ga kuma tambayar da ba ni da amsarta: "Malam, ina zuwa haka?" In na ce ba ko'ina, sai a dube ni kamar na zautu. Mutum da hankalinsa, da furfura a gemu, ya hau keke ya yi gumi ya dawo inda ya tashi, bai kai saƙo ba, bai duba gona ba, bai je jana'iza ba. Sai na koma cewa nan gaba kaɗan zan je, in taka feda kafin a sake wata tambayar.

Don in guje wa majalisu na riƙa neman hanyoyin bayan gari, har na dace da wata hanyar burji da ta nufi wajen Dingaya. Babu motoci sosai, babu masu tsayar da ni, ga gangara mai daɗi a dawowa. Akwai wani kwalbati a kanta, wanda in na kai shi na juyo, nisan yakan cika daidai abin da ƙungiya ta yanka wa kowa ranar Asabar. Daga kan kwalbatin nan ana hango rufin gidajen wani ɗan ƙauye da rumbunansa. Ƙauyen su matata ne, kuma gidan farko in ka shiga na mahaifinta ne.

Na san da haka, ba wai ban sani ba. Amma shiga gidan suruki ba abin minti biyar ba ne. Sai ka sa babbar riga, ka riƙo goro da sabulu, ka cire takalmi tun daga nesa, ka durƙusa ka gaida ƙasa. A kawo fura, a ce sai ka sha. A kama zabuwa, a ce sai ta dahu. Wuni guda ne cur. Ni kuwa ga ni cikin wandon da ko matata sai da ta rufe baki ranar da ta fara ganina a ciki. A raina kuma ban ɗauka na je garinsu ba. Na je kwalbati ne, inda waya take cewa na yi rabi. Haka nake juyawa kowace Asabar, kaina a sunkuye, hankalina a kan lambobi.

Surukina mutum ne mai shekaru, dogo, marar magana. Kakanninsu masu shanu ne, amma shi noma ya riƙe, garken ya ragu tun da daɗewa, saura 'yan shanun tatsa da kuma shanun huɗa guda biyu, ja da fari. Da su yake huɗar gonarsa, da su yake yi wa mutane huɗa a biya shi, da su yake jan amalanke. Matata ce 'yarsa ta fari, don haka tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, ba ya kuma zama su yi hira. Ni da na aure ta na gaji rabona na wannan kunya. Shekarunmu da aure sun haura goma sha, amma ban taɓa haɗa ido da shi ba, shi ma bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba in ban da amsa gaisuwa. In yana da saƙo sai ya ce wa ƙanensa, wanda muke kira Baffa, "A gaya wa mutanen Gwaram kaza," ko da kuwa ina durƙushe a gabansa.

Cikin wannan hali giyar motata ta lalace. Na sa aka ja ta zuwa gareji a Birnin Kudu, makanike ya ce sai an samo kayan daga Kano. Yau ne, gobe ne, mota ta yi zamanta a can. Ko a jikina, don na samu dalilin zuwa ofis da keke, wanda kuma yake ƙara mini nisa a jerin mako. Sai in cusa ƙafar wando cikin safa, in naɗe riga, in danna waya, in tafi. Ban tsaya na duba yadda abin yake a idon mutane ba. Lokacin mai ya yi tsada, ma'aikata da yawa sun jingine motocinsu, wani a ofishinmu ma ya sayar da tasa ya ce wai tana gareji. Ga ni kuma na fara zubewa. Tumbi ya sauka, kumatu sun faɗa, rigunana sun koma kamar na aro. In aka ce, "Malam, lafiya kuwa? Ka rame," sai in washe baki in ce alhamdulillahi, ina jin daɗi kamar an yabe ni. Na hau zuwa tsakiyar jeri, har abokina ya daina tsokanata.

Wata Asabar cikin bazara, ina dab da kwalbatin, ƙaya ta huda mini tayar baya. Babu mai faci a kusa, ni kuma ban ɗauko famfo ba don kada ya ƙara mini nauyi. Na sauka na fara turawa, rana ta take, gumi yana shiga mini ido, ƙura ta manne mini a ƙwauri. Ina ɗaga kai sai ga amalanke tana tahowa, jan sa da farin sa a gaba, surukina yana gefensu da sanda da malfa. Babu bishiya, babu kwana, babu inda zan ɓuya. Na ja keken gefe na durƙusa a bayansa, ina ƙoƙarin rufe cinyoyina da ƙarafan da ba sa rufe komai.

"Barka da rana, Baba. An wuni lafiya?"

Ya kau da kai ya dubi gonar da ke ɗaya gefen, ya amsa mata. "Lafiya lau. Ya mutanen gida?"

"Suna lafiya, suna gaisuwa."

"Madalla. A gaishe su."

Bai tambaye ni daga ina ba, bai tambaye ni ina zuwa ba. Ya taɓa jan san da sanda suka wuce. Abin da ya fi ba ni kunya in na tuna shi ne, ina durƙushen nan, dattijo yana amsa gaisuwata, hannuna ya lallaɓa sama ya danna wayar don ta tsayar da lissafi, kada saurina ya lalace.

Bayan kwana kaɗan aka sauke mana buhun gero daga ƙauye. Na ce Allah ya saka wa Baba da alheri, ban kawo komai a raina ba. Sai ga kwalbar man shanu, sai ga ƙwan zabi, sai ga kuka da kuɓewa busasshiya kamar za mu buɗe shago. Rannan na dawo ofis na tarar da matata zaune da waya a cinya, tana dariya har da hawaye.

"Malam, ka san abin da Inna ta ce mini? Wai in yi haƙuri, in riƙe ka da kyau, haka duniya take, mace ta gari ba ta gudun miji don abin hannunsa ya ƙare."

"Wane abin hannun ne ya ƙare?"

"Naka mana. An ce ka sayar da mota, ka rame, har kayan sawarka ka sayar, an gan ka da ɗan kamfai kana tura keke a daji."

Na tashi tsaye. Na ce ta kira Inna yanzun nan ta gaya mata gaskiya. Ta ce ai ta gaya mata, ta ce mata likita ne ya sa, mota kuma tana wajen gyara. Na ce to me ta ce?

"Cewa ta yi Allah ya yi mini albarka, haka ake rufa wa miji asiri."

Na ce to ta gaya wa Baba da kanta. Ta dube ni kamar na ce ta hau bishiya. Ita da ko ruwa za ta kai masa sai ta ajiye ta juya, ta ina za ta fara yi masa bayanin wandon mijinta? Na yi faɗa, na ce mutanen ƙauye ba su da aiki sai sa ido, na ce da zarar mota ta dawo zan tuƙa ta har ƙofar gidan in yi ta danna hon. Na kira makanike na zazzage masa, ya ce in ƙara haƙuri. Daga nan na bar maganar, ina ganin za ta mutu da kanta. Geron kuwa muka ci gaba da ci.

Ranar kasuwar Gwaram da safe, ina shan koko, wayar matata ta yi ƙara. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta ajiye wayar ta ce, "Baba ya fito da jan sa tun da asuba, shi da Baffa. Sayarwa zai yi ya saya maka babur."

Na ajiye kokon. Wanda bai yi noma ba zai ce ai sa ɗaya ne, a sayi wani. Ba haka ba ne. Shanun huɗa biyu da suka saba da juna, suka san muryar mai su, suka san inda ake juyawa a ƙarshen kunyar gona, ba a haɗa su a mako guda. In aka raba su, na gida ya zama ba shi da amfani sai an samo wani an horar, kafin nan damina ta yi nisa. Ga hadari ya fara haɗuwa da yamma, kowa yana gyara garma. Dattijon nan zai shiga damina da sa ɗaya, ya rasa huɗar gonarsa, ya rasa ta mutane da yake samun na cefane da ita, don ni in daina tura keke. In kuma babur ya iso ƙofar gidana, babu bakin da zan mayar da shi. Ba a mayar wa suruki kyauta.

Na buɗe akwati na ɗauko babbar rigata ta shadda wadda nake zuwa ɗaurin aure da ita, na kafa hula, na fesa turare. Na kai hannu kan keke, na fasa, na tari ɗan acaɓa. A hanya na lura rigar tana yi mini yawa, iska tana kaɗa ta ta ko'ina, na yi kama da wanda ya aro kaya don ya ɓoye halin da yake ciki.

Wajen shanu ya cika. Dillalai suna kai da kawowa, ana ɗaga wutsiya ana duba haƙora, can gefe ana loda wata babbar mota da za ta yi kudu. Na hango jan san ɗaure a turke, ya yi fes, da alama an wanke shi. Baffa yana tsaye kusa da shi da wani mai saye, mutum mai jaka a hammata, suna ta albarka da ƙari. Surukina yana zaune a kan saiwar wata darbejiya, sandarsa a tsakanin gwiwoyi, yana kallon ƙasa. Na cire takalmi a cikin kashin shanun nan na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa wa sandarsa. Na matsa wajen Baffa.

Baffa ba irin yayansa ba ne, shi mai barkwanci ne, kuma da shi nake iya magana. Yana ganina ya ce, "Yauwa, ka zo a daidai. Jan babur kake so ko baƙi? Ni dai na ce baƙi, ya fi ɓoye datti."

Na ja shi gefe na rage murya. "Baffa, don Allah a dakata. Wallahi ba abin da ya same ni. Motata tana gareji a Birnin Kudu."

"Haka ne," in ji shi, yana gyaɗa kai cikin tausayi. "Ai duk motar da ta tafi a gareji take."

"Albashina yana shigowa. Keken nan likita ne ya ce in riƙa hawa saboda hawan jini."

"Likita ya ce ka hau keke da tsakar rana a bazara, don jininka ya sauka?" Ya dafa kafaɗata. "Ɗana, mu ma mun ga rayuwa. Ba wanda ya ce ka yi laifi. Yaya ya ce 'yarsa ba za ta zauna mijinta yana yawo a daji kamar mai tallan gishiri ba, alhali yana da abin da zai sayar. Ka yi shiru kawai ka karɓa."

Mai saye ya yi gyaran murya ya ƙara wani abu a kan tayinsa. Na ga Baffa ya waiwaya, na ga ya fara sassautowa. Sai dabara ta faɗo mini, wadda a lokacin na ɗauka ita ce mafita. Na zaro waya na buɗe manhajar. Na nuna masa hoton 'yan ƙungiyarmu da hulunan kwano, na ce wannan manajan banki ne, wannan malamin kwaleji ne, duk masu motoci ne, duk keke suke hawa don lafiya. Na nuna masa jerin sunaye da nawa a tsakiya. Sannan na buɗe taswirar da take tara duk tafiye-tafiyen da na yi a wuri guda, don ya ga abin tsari ne, ba yawon wahala ba.

Baffa ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa. "Wannan jan zaren fa?"

"Hanyar da na bi ce. Duk inda na taka sai ta zana."

"Nan Gwaram ke nan." Ya bi layin da farcensa. "Nan rafi. To nan da ya yi kauri ya tsaya fa?"

"Kwalbati ne."

"Kwalbatinmu?"

Na ce e. Ya dube ni, ya dubi wayar. Ya taka ya je ya tsuguna kusa da yayansa ya miƙa masa. Na bi shi na durƙusa daga ɗan nesa. Dattijon ya riƙe wayar da hannu biyu kamar an ba shi ƙwaryar nono cike, Baffa yana nuna masa yana bayani a hankali. Ya daɗe yana kallo.

"Duk wannan zuwa ne?" ya tambayi Baffa.

"Zuwa ne. Kowace Asabar, in ji shi."

"Ya zo kwalbati ya juya."

"Haka ta nuna."

Surukina ya sauke numfashi. Muryarsa ta yi ƙasa, amma na ji kowace kalma. "Ai na gaya maka. Da magana yake zuwa a bakinsa. In ya hango gidan sai nauyi ya kama shi, ya koma. Ɗan mutunci ba ya iya buɗe baki ya roƙi surukinsa. Ni ne ban kyauta ba, da na bar shi yana ta wannan zirga-zirga a rana ban gane da wuri ba." Ya share ido da bakin rawaninsa, ya ce, "Je ka sallama musu san."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma ba na fatan in sake ji. Mutumin nan ya dubi shaidar da ta nuna na zo bakin garinsa sau da yawa ban shiga na gaishe shi ba, ya fassara ta da mafi kyawun fassarar da za a yi wa mutum, har ya ɗora wa kansa laifi. Da na yi shiru, da na tashi a idonsa ɗan mutunci mai kunya, in hau babur in tafi gida, jan sa kuma ya hau motar kudu. Na yi tunanin yin shirun, ba zan ɓoye ba. Har na fara lissafin yadda zan sayi wani san in aika a asirce, na kuma san ƙarya nake yi wa kaina, don ba a ɓoye sa a ƙauye, kuma baƙon sa ba zai yi masa huɗar bana ba.

Baffa ya miƙe ya nufi mai saye. Mutumin ya riga ya miƙo hannu, ɗaya hannun yana kan zip ɗin jakarsa.

"Baba!"

Da ƙarfi ta fito, fiye da yadda na so. Dillalan da ke kusa suka waiwayo. Baffa ya tsaya. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa kiransa don in gaya masa wata magana tawa ba sai ranar, kuma a tsakiyar kasuwa.

"Baba, ku gafarce ni. Ba wajenku nake zuwa ba." Idona yana kan yatsun ƙafarsa. "Ba ni da wata magana da na kasa faɗa. Wasa ne muke yi da abokaina, ana auna wanda ya fi nisa. Daga gidana zuwa kwalbatin nan shi ne daidai abin da ake so, shi ya sa nake juyawa a nan. Ban taɓa fitowa da niyyar shiga gida ba, ko sau ɗaya. In na tsaya gaisuwa wayar tana rage mini maki."

Wani daga cikin dillalan ya yi dariya, wani ya ce masa kai, yi shiru. Na ji gumi yana bin bayana a cikin shaddar. Na san kafin la'asar maganar za ta riga dattijon isa gida, a ce ya kora sansa kasuwa don surukin da yake wuce ƙofarsa kowane mako yana wasan yara. Ni na jawo masa wannan, a gaban mutanen da suka san shi tun yana saurayi.

Dattijon bai ɗago ba. Ya miƙa wa Baffa wayar, Baffa ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

"Wato lafiyarsa ƙalau," in ji surukina, yana tambayar Baffa.

"Ƙalau, Yaya."

"Abinci bai yanke musu ba."

"Bai yanke ba."

"To, alhamdulillahi. Abin da ake nema ke nan."

Ya dogara sandarsa ya tashi. Ya je turke ya kwance igiyar da kansa, a hankali. Mai saye ya fara ƙorafi, yana cewa an ɓata masa lokaci, ciniki ya riga ya faɗa. Baffa ya ba shi haƙuri a gajarce, babu barkwanci ko ɗaya. Ni ina durƙushe inda nake, na rasa ko tashi zan yi ko zama. Na so in ce zan zo gobe, na so in ce zan nemo mota a kai san gida kada su sake takawa a wannan rana, amma na riga na yi maganar da ta fi ƙarfin bakina.

Surukina ya shafa wuyan jan san, ya juya shi ya fuskanci hanyar fita. Da ya zo daidai inda nake sai ya ɗan tsaya, fuskarsa tana kallon gaba, ya yi wa Baffa magana da muryarsa ta kullum, babu faɗa a cikinta, babu gori.

"A gaya wa mutanen Gwaram, hanyar nan ba ruwa, ga zafi. Ranar Asabar zan sa a riƙa ajiye masa buta a bakin hanya, ya sha ya juya. Ba sai ya shigo ba."